Mai Kai Baƙi Cikin Teku

Ran da Zahra'u ta fara ganin Abdulmalik, tsawa ta daka masa.

Watan Agusta ne, tun asuba ake tafka ruwa. Ta taso daga aiki a asibiti, adaidaita sahun da ta hau ya mace a tsakiyar titin Gyadi-Gyadi, don titin ya koma kogi. Tana shirin sauka sai ta ji salati ya kaure. Wani dattijo mai sayar da rake ya taka bakin kwalbatin da ba murfi, ruwa ya ja shi. Mutum ya fi talatin a tsaye. Rabi suna ihu, rabi sun ɗaga waya suna ɗauka, wai su 'yan zamani. Allah ya shirya.

Saurayi ɗaya ne ya cire takalmi. Ya fizge igiyar rumfar mai shayi, ya ɗaura a gindin darbejiya, ya ɗaura ɗaya bakin a ƙugunsa, ya gangara inda ruwan yake fitowa. Da ƙyar ya janyo dattijon. Ya shimfiɗe shi a barandar wani shago, ya hau danna masa ƙirji.

Zahra'u ta ratso ruwa a fusace.

"Kai! Matsa daga nan! Za ka karya masa haƙarƙari. Ni nas ce!"

Bai ko ɗago ba. "To Sista, in nas ce ke, riƙe masa kai. Ashirin da takwas, ashirin da tara..."

Ta buɗe baki za ta ƙara, sai ta lura hannunsa yana inda ya kamata, ƙirgensa ma daidai ne. Wannan ya fi komai ba ta haushi. Ta durƙusa ta riƙe kan. Can dattijon ya yi tari, ya amayar da ruwa, wuri ya ɗauki kabbara.

"Likita ne kai?" ta tambaya, fuska a murtuke.

"A'a. Baƙi nake kaiwa cikin teku."

"Ni za ka raina wa hankali? A Kano?"

Ya yi dariya. Nan ta ga ƙaurinsa yana zubar da jini, ƙarfe ya yanke shi. Ta ɗaure masa da hankicinta tana faɗa, ta ce ya je a yi masa allura yau ɗin nan, kuma ya turo mata shaida, don ta san halin maza. Da haka lambarta ta shiga wayarsa.

Da yamma saƙo ya shigo.

"Sista Masifa, an yi allurar. Ta yi zafi."

"Madalla. Kar ka jiƙa ciwon."

"Ni da aikina ruwa?"

"To ka ruɓe."

Ashe ba raina mata hankali ya yi ba. Ɗan Unguwa Uku ne, amma kakansa masunci ne a Wudil, can ya koyi iyo tun yana ƙarami. Shekara huɗu kenan yana aiki a tsibirin Zanzibar, a gabashin Afirka. Masu yawon buɗe ido yake ɗauka a kwalekwale ya shiga da su teku. Wasu ya sa musu gilashi a fuska da bututun numfashi su kifa kai su kalli kifaye, wasu ya nutse da su har ƙasa da tukunyar iska a baya, wasu ya kai su inda kunkurun teku ke kiwo. Bikin ƙanwarsa ne ya kawo shi gida.

Ya koma bayan sati uku, amma waya ba ta huta ba.

"Yau mun ga wani kunkuru, ya haɗe rai, ya ƙi kula kowa. Na tuna ki."

"Za ka dawo ka same ni, Kifi."

"Shi nake so. Zahra'u, ni fa da gaske nake. Duk mutanen da nake ƙirgawa a jirgi, kullum sai in ji saura mutum ɗaya."

Ta daɗe tana kallon saƙon. Sannan ta rubuta: "To ka turo manya, ka daina cika ni da surutu."

Manya suka zo gidansu a Tarauni. Mahaifinta, Malam Ƙasimu, tela ne da ya ajiye keke saboda ido, mutum ne mai magana ɗaya. Ya karɓe su da fara'a har zuwa lokacin da ya tambayi sana'ar yaro. Da aka faɗa masa, sai ya janyo takalmansa.

"Allah ya haɗa kowa da rabonsa," in ji shi.

Kowa a gidan ya san dalili. Shekara goma sha shida da suka wuce, Kabiru, yayan Zahra'u, ya faɗa kududdufin bayan unguwa yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Maza sun fi ashirin a bakin ruwan, har da Malam Ƙasimu, babu wanda ya iya iyo. Suna kallo ya tafi. Tun daga ranar ko zancen rafi ba a yi a gidan.

Ana cikin haka sai ga Jamilu, mai kemis a bakin titi, wanda ya shekara biyu yana sintiri a ƙofar gidan Zahra'u tana ce masa ba ta nan. Ya binciko hoto a shafin wurin aikin Abdulmalik, ya kai wa Malam Ƙasimu har zaure, ya kuma turo mata, wai don ta san wanda za ta aura. Abdulmalik ne a ruwa iya wuya, yana riƙe da hannun wata Baturiya, kayan jikinta ba su kai hankici biyu ba.

Zahra'u ta kira Abdulmalik.

"Wace ce wannan?"

"Baƙuwa ce. Ta tsorata, na riƙe ta har jirgi."

"Ko kunya ba ka ji? Ko ƙaryar ma ba za ka yi mini ba?"

"Ƙaryar me? Aikin kenan. In mutum ya firgita a ruwa, riƙe shi ake yi, mace ko namiji. Ke maza nawa kika riƙe wa hannu yau a asibiti?"

"Kar ka kuskura ka haɗa aikina da wannan iskancin!"

"Iskancin ne ya fito da mai rake daga kwalbati."

Ta kashe wayar. Kwana huɗu ba ta ɗaga kiransa ba. Saƙo ɗaya ya turo: "Ba zan bar aikin ba, kuma ba zan bar ki ba. Ki gama fushin, ina nan." Ta karanta ta yi tsaki. A rana ta biyar wani magidanci da za a shiga da shi tiyata ya damƙe hannunta yana karkarwa, ya ƙi saki har ƙofa. Ta dawo ta zauna. Haushin da ta ji a ranar, na ganin Abdulmalik yana da gaskiya ne.

Da yamma Malam Ƙasimu ya kira ta tsakar gida, Umma na zaune a gefe.

"Kin ga hoton?"

"Na gani, Baba."

"To an gama. Ruwa ya ci mini ɗa ɗaya. Ba zan ɗauki 'yata da hannuna in miƙa wa mai wasa da shi ba. Mutum ya rasa sana'a sai jan mutane zuwa halaka?"

"Ba halaka yake kai su ba, Baba. Dawo da su yake yi."

"Rufe mini baki!"

Da ta rufe ɗin da an zauna lafiya. Amma Zahra'u zuciya gare ta, irin ta ubanta.

"Da akwai irinsa guda ɗaya a bakin kududdufin nan, da Yaya Kabiru yana raye!"

Umma ta saki salati. Malam Ƙasimu ya dubi 'yarsa kamar bai taɓa ganinta ba, ya tashi ya shige ɗaki. Daga ranar ya daina amsa gaisuwarta. Ta durƙusa da safe, ya kau da kai. Ta kawo abinci, ya ce a ɗauke. Wata biyu cur. Ta rame, faɗanta a wurin aiki ya ƙaru, ga shi ta ƙi janye maganar auren. Ta rubuta wa Abdulmalik: "Na yi wa Baba abin da ba a yi, saboda kai. In ka ba ni kunya, wallahi ba zan yafe ba."

Ƙanin Malam Ƙasimu, Baffa Ɗan'azumi, shi ya gaji da wannan zama. Kayan ƙamshi yake sayarwa a kasuwar Kurmi, kuma dama yana da niyyar zuwa ganin Zanzibar, inda kanumfari yake fitowa. Ya ce wa yayansa ba a hana aure ba bincike, ba a kuma bayarwa ba bincike. Tunda maƙwabtan yaro da masallacinsa suna tsallaken teku, shi zai je ya gano, ba tare da ya faɗi ko shi wane ne ba.

"Je ka," in ji Malam Ƙasimu. "Ka gano mini abin da na riga na sani."

Ya dawo bayan kwana goma sha biyu, ya yi baƙi ƙirin. Bayan la'asar suka zauna a falo. Zahra'u ta kawo shayi, ta fita, ta laɓe a bayan labule.

"Yaya, yaron nan ba shi da kunya," Baffa ya fara. "A gaban Turawa ya sauke ni daga jirgi."

"Ai na faɗa!"

"Tsaya mana. Akwai wata riga mai ruwan lemo da suke sawa, mai hana nutsewa. Na ce ba zan sa ba, ta matse mini ciki, kuma na yi addu'ata. Ya ce, Baba, ka yi addu'a ka kuma sa riga. Na ce ya san ko ni wane ne a Kurmi? Ya ce ko Kurmin ce ta taso gaba ɗaya, sai ta sa. Wani ƙaton Bature ya ce shi gwanin iyo ne, shi ma ya sauke shi. Mu biyu a kan yashi kamar korarrun ɗalibai."

Baffa ya kurɓi shayi ya ci gaba.

"Kafin jirgi ya tashi ya ƙirga mu, goma sha ɗaya. A cikin ruwa ina ganin bakinsa yana motsi, na zaci tasbihi yake, ashe mu yake ƙirgawa. Da iska ta ɗan juya, ya ce kowa ya fito, ana ta gunaguni, ko a jikinsa. Masallaci kuwa na je. Liman ba ya jin Hausa, ni ba na jin nasu, amma da na ambaci sunan yaron sai ya ja hannuna ya nuna mini gurbinsa a sahun farko."

"Wato ka sa rigar kenan."

"Na sa. Duba nan." Ya fito da wayarsa.

Zahra'u ta leƙa. A wayar, ga Baffa Ɗan'azumi da jamfarsa, kwance a kan teku ya baje kamar tabarma. Hannun Abdulmalik na ƙarƙashin ƙeyarsa, muryarsa na fitowa: "Saki jikinka, Baba. Ina riƙe da kai. Ba inda za ka." Can sai ya kwance masa rigar mai hana nutsewa, ya zare hannun a hankali. Baffa bai nutse ba.

"Shekarata hamsin da takwas ina tsoron ruwa," in ji Baffa, muryarsa ta yi ƙasa. "Ni ma ina bakin kududdufin nan, Yaya, ko ka manta? Minti ashirin ya ɗauka ya koya mini wannan."

"Minti ashirin," in ji Malam Ƙasimu.

Ya karɓi wayar ya kai ta dab da idonsa. Ya kalla har sau uku. Sannan ya ɗaga murya.

"Ke mai laɓe! Shigo."

Ta shigo ta zube a gabansa.

"Maganar da kika faɗa mini, 'yar kirki ba ta faɗa wa ubanta."

"Na tuba, Baba. Ka yafe mini." Hawaye ya hana ta ƙarasawa.

"Ban ce ƙarya ba ce. Cewa na yi ba a faɗa." Ya share fuskarsa da hannun riga, a fusace, kamar ita fuskar ce ta yi masa laifi. "Tashi. Ki ce wa mara kunyar nan ya zo."

Abdulmalik ya zo. Da ya shiga zaure ya ga Baffa Ɗan'azumi a zaune, saura kaɗan ya juya da gudu. Malam Ƙasimu bai yi masa murmushi ba.

"Na ba ka. Amma da sharaɗi. Ba za ta taka jirgi ba sai da rigar nan mai hana nutsewa, ko ta yi maka masifa, kuma za ta yi. Sannan wata ɗaya na ba ka, ka koya mata ruwa, in gani da idona. In ka kasa, ka dawo mini da 'yata."

"In sha Allahu, Baba."

An ɗaura aure ranar Juma'a a Tarauni. Mai rake ya zo da dami guda ya ajiye a ƙofar gida. Jamilu bai zo ba, ba kuma wanda ya neme shi.

Kwana goma sha tara da tafiyarsu Zanzibar, bayan ta sha ruwan gishiri ta kira mijinta mugu ya fi sau ɗari, Zahra'u ta yi iyo daga jirgi zuwa gaɓa, da doguwar rigarta da ɗankwalinta, ba mai riƙe da ita. Suka tura hoton bidiyon gida.

Suna zaune a kan yashi tana matse ɗankwali sai saƙon murya ya shigo daga wayar Umma. Muryar Malam Ƙasimu ce, yana faɗa.

"Ke, ɗaga kanki! Kai kuma ina ka tsaya? Matsa kusa da ita mana!"

Aka ji Umma tana cewa, "Malam, ai ba sa jin ka, ɗauka ce, an riga an gama."

Sannan Malam Ƙasimu ya yi gyaran murya.

"Na gani. Ta iya. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, su ma ka koya musu tun suna ƙanana. To ku fito daga ruwan haka nan, ya isa."