Kuɗin Sallamar Mujtaba

Ranar da za a kai Hajja Hadizatu asibitin ido a Wad Madani aka gano kuɗin ba sa nan. Motar haya na tsaye a ƙofar gida, direba na ta danna hon, ɗanta Ɗayyabu kuwa ya durƙusa gaban adakarta yana zazzage wata baƙar jaka. Lulluɓi biyu suka faɗo, da kwalbar turare, da takalmi. Ambulan ɗin da yake nema babu shi. Ya sake kakkaɓe jakar, ya leƙa cikinta, sannan ya fita ya sallami direba.

Wannan kafin yaƙi ne, lokacin da mutum ke barin Maiurno da hantsi ya yi azahar a Madani ba tare da fargaba ba.

Kuɗin na Mujtaba ne, ɗan farin Hajja. Ya daɗe a Dubai yana kula da injinan wani ƙaton kamfanin fasaha, har wata safiya kamfanin ya sallami dubban ma'aikata da saƙo ɗaya. An ba shi albashin wasu watanni a dunƙule, da tikitin jirgi, da inshorar lafiya wadda ba ta san yana da uwa a Sudan ba. Ya zauna can yana neman wani aikin kafin bizarsa ta ƙare. Rabin sallamar ya ware don a cire wa Hajja yanar da ta rufe mata idanu biyu, ya damƙa wa abokin aikinsa Kamal, wanda shi ma korar ta haɗa da shi kuma yana dawowa gida.

Raƙib Sa'idu, wato saje a ofishin 'yan sandan Maiurno, ya iso da la'asar. Mutum ne mai nauyin jiki da nauyin baki, wanda in ka ga yadda yake shan gahawa sai ka rantse ba zai iya kama ko akuya ba. Ɓarayi da yawa sun yi wannan rantsuwar, sun yi kaffara a gidan yari.

Ya fara da adakar. Kwaɗon lafiyarsa lau, ba a taɓa shi da ƙarfe ba. Makullin kuma yana rataye a wuyan Hajja, da shi take kwana.

Ya kira Ɗayyabu gindin dalbejiya.

“An ce ana bin ka kuɗin man injin ban-ruwa.”

“Na biya, yallaɓai. Tunkiyata mai ciki nis sayar makon da yaw wuce. Tambayi kowa kasuwa.”

“Kamal mi yac ce maka?”

“Na kira shi ɗazu. Ya ce ya ba Inna ambulan hannu da hannu, bayan shanta, wato baƙar jakar nan.”

Sa'idu ya aika kasuwa, aka tabbatar da cinikin tunkiyar. Wanda ke da kuɗin Dubai a aljihu ba ya rabuwa da tunkiya mai ciki a kan rabin farashi. Ya cire Ɗayyabu daga lissafi.

Muhsina, matar Ɗayyabu, ita ke share ɗakin, don haka tun kafin ɗan sanda ya zo unguwa ta gama yanke mata hukunci. Idanunta sun kumbura.

“Kina nan sadda baƙon yaz zo?”

“Na kai mai shayi na koma madafi. Ban ga abin da yab ba ta ba.”

“Kin taɓa riƙe makullin?”

“Ko sau guda. Amma yallaɓai, yanzu ba ni kaɗai aka zargi ba. Cewa suka yi Inna ta fara ruɗewa, wai ta karɓa ta manta inda ta aje. Wallahi ƙarya na. Matar da ta san kwanon geron da ac cikin rumbu ba tare da ta gani ba?”

Wannan magana ta yi wa Sa'idu daɗi. Ɓarauniya da ta sami ƙofar fita irin wannan ba za ta rufe ta da hannunta ba.

Hajja na zaune a bakin gado, fuskarta na kallon inda haske ke shigowa. Sa'idu ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ta yadda ake gaida uwa.

“Inna, wa ya aiko da shanta?”

“Wancan.”

“Baƙon ya ba ki ambulan?”

“Shanta yab ba ni. Nis sa ta adaka.”

“Ba ki buɗe ba?”

“In buɗe in ga mi?”

“Kun yi hira da shi?”

“Na tambaye shi hanya, na tambaye shi mutanen gidansu. Yas sha shayi yat tahi.”

Ta ƙara da murya ƙasa ƙasa. “Ɗan nan, ido na nir rasa. Hankalina na nan.”

Abin ya taɓa shi. Ya ce mata ya ji, ya tashi.

Washegari ya shiga bas zuwa Madani. Kamal jikan Maiurno ne, amma a Khartoum aka haife shi, can ya girma, garin kakanninsa kuwa sai biki ko rasuwa. Yanzu yana zaune wurin kawunsa yana jan raksha, keke mai ƙafa uku, sabuwa fil, ko ledar kujera ba a cire ba. Suka zauna wurin mai shayi kusa da tasha. Saurayi ne mai fara'a da ladabi, Hausarsa rabi Larabci.

“Ba ni labarin ranar, kada ka bar komai,” in ji Sa'idu.

“Tamam. Na shiga, na gaishe ta, na ba ta shanta. Ba'den na fitar da ambulan na sa mata a hannu.”

“Mi tac ce?”

“Ta yi kuka, ya raƙib. Ta rungume shi ta ce, Mujtaba ɗana, Allah ya yi maka albarka, Mujtaba. Ta yi ta tambayata, yana cin abinci? Ya rame? Yaushe zai dawo? Wallahi har ni na yi hawaye.”

“Da bakinta ta kira sunan?”

“Da bakinta. Uwa ce fa.”

Sa'idu ya kurɓi shayinsa a hankali. Ya dubi rakshar.

“Ma sha Allah. Taka ce?”

“Na ba da rabi, saura a hankali. Daga nawa kuɗin sallamar.”

Suka rabu da fara'a. Daga nan Sa'idu ya nemi inuwa ya kira Dubai. Muryar Mujtaba ta fito a gajiye.

“Nawa kamfani ya ba Kamal?”

“Kamal? Ko sisi. Ai shi ba ma'aikacin kamfanin ba ne a takarda. Wani ɗan kwangila ne ya kawo su. Teburinmu ɗaya, aikinmu ɗaya, amma katin wuyansa wani launi ne daban. Mu aka ba mu sallama, su aka ce su ajiye kati a ƙofa.”

“Ka san haka ka ba shi amanar?”

“Shekara nawa muna cin abinci kwano ɗaya. Kuma masu tura kuɗi suna yankar kaso mai yawa.”

“Tambaya guda. Ka taɓa jin Inna ta kira sunanka?”

Mujtaba ya yi 'yar dariya. “Ni? Tun da aka haife ni. In na kira waya ma, Muhsina take miƙa wa, ta zauna gefe tana saurare.”

Sa'idu ya sa aka kawo Kamal Maiurno, wai don ya sa hannu a bayaninsa. A tsakar gidan Hajja aka shimfiɗa tabarma. Ɗayyabu da Muhsina na nan, maƙwabta kuma sun cika zaure, kowa da uzurin aron wani abu.

“Maimaita abin da kac ce mini,” in ji Sa'idu.

Kamal ya maimaita, har ya ƙara gishiri. Yana kaiwa wurin “Mujtaba ɗana” sai wata tsohuwa a zaure ta ce, “La ilaha illallahu!” Muhsina ta rufe baki da mayafi. Ɗayyabu ya miƙe tsaye, Sa'idu ya yi masa alama ya zauna. Kamal ya dubi wannan ya dubi wancan, shi kaɗai ne a gidan bai san abin da ya faɗa ba.

Sa'idu ya yi masa bayani ba tare da ɗaga murya ba.

“Mujtaba ɗan fari na. A garin nan mace irin Inna ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta tambayar lafiyarshi gaban mutane, balle ta yi kuka don shi gaban baƙo. Kunya ce, da ita aka tashe su. Shi ya sa ko shantar ba ta buɗe ba. Da ka ce ta karɓa ta yi shiru, da na sha wahala da kai. Amma ka ba ni labarin uwayen Khartoum. Da na ji ƙarya guda sai na nemi ta biyu. Ka ce da kuɗin sallama ka sayi raksha, kai kuwa ba a sallame ka da komai ba.”

Da Kamal ya buɗe baki, muryarsa ta sauya.

“Na dawo hannu wofi. Kowa a gidanmu ya ji a labarai cewa kamfanin ya biya mutane, suna jira. Na kasa ce musu ni ban kai a biya ni ba. Na ce in raksha ta fara kawo kuɗi zan mayar kafin ranar asibiti. Ranar ta riga ni.”

“Da tar riga ka,” in ji Hajja daga inda take, “sai ka ce tsohuwa ta haukace.”



Mujtaba ya roƙa ta waya kada a kai maganar kotu, Hajja ta ce ita ba ta da ta cewa a kan abin da ba nata ba. Aka mayar da rakshar wurin dillali, shi kuwa ya karɓe ta a matsayin tsohuwa, kamar yadda dillalai suka saba. Abin da ya dawo, haɗe da ragowar da aka samu wurin Kamal, Ɗayyabu ya kai Madani. Likita ya ce zai isa aikin ido ɗaya.

Sa'idu ya biyo ta gidan ran da Ɗayyabu ya dawo da wannan labari. Ɗayyabu na ta faɗa, yana cewa zai kira yayansa ya ciko sauran daga rabin da ya rage masa.

“Ba ka kiran kowa,” in ji Hajja. “Abin da yar rage mai shi yaka ci, shi yaka biyan ɗaki, kuma ba shi da aiki. A yi min na dama. Na hagu shi jira.”

“Inna, likita ya ce in an daɗe yana iya ƙin gyaruwa.”

“Na ji. Kira mai mota.”