Rakiyar Hawaja Emil

Gab da magariba Mastura ta miƙo wa mijinta Na'ibi galan ta ce kananzir ya ƙare. Ya karɓa ba musu, ya bar unguwarsu Karantina ya nufi kasuwar Bab Makka. A shekarar 1968 ke nan, zafin Jidda yana dafa mutum har cikin riga.

Na'ibi kuku ne, Bahaushen Sudan, kuma mutum ne mai ladabin da har ya yi masa yawa. In baƙo ya tashi sai ya taka masa, ba zai juyo ba sai baƙon da bakinsa ya ce, "Koma haka nan." Haka ubansa ya koya masa. An taɓa yin baƙon da ya manta bai faɗa ba, Na'ibi ya bi shi har bakin tashar jirgin ruwa, mutanen unguwa suka yi wata guda suna yi masa dariya.

Shekara bakwai yana dafa wa wani tsohon injiniya Bajamushe a unguwar Bagdadiyya, Hawaja Emil, don Hawaja ake ce wa Bature a can. Tsohon ba mata ba ɗa, hira ɗaya gare shi, ta ƙauyensu Haldenrod. In ya gama cin abinci sai ya tsoma yatsa a shayi ya zana shi a kan tebur, yana bayani da gurgun Larabcinsa. Ga kwari tsakanin tsaunuka biyu, ga rafi, ga gadar dutse, ga coci mai ƙararrawa. Masu ƙona gawayi ne suka kafa shi shekara ɗari shida da suka wuce. Annoba ta cinye rabin mutanensa, yaƙi ya ƙone shi, suka sake ginawa. Daga baya aka datse rafin aka yi dam, ruwa ya haɗiye gida arba'in da uku har da maƙabarta. Gidan uwarsa shi ne na uku bayan gada. Na'ibi ya goge ƙauyen nan da tsumma ya fi sau dubu, har ya haddace shi, kuma tsakani da Allah yana jin tausayin tsohon.

Kwana uku ke nan da aka kwantar da Hawaja a asibiti. Shi ya sa da Na'ibi ya sayi kananzir ya juyo ya gan shi tsaye a bayan masu yadi, da hula da ƙaramin akwati, farin ciki ya kama shi.

"Hawaja, an sallame ka? Alhamdulillahi. Ina zuwa haka?"

"Gida," tsohon ya ce a hankali.

"Yalla, mu je in taka maka."

Ya karɓi akwatin. Sanyi ƙalau, kuma yana ɗiga.

Suka shiga wani lungu. Na'ibi ya lura ba hanyar Bagdadiyya ba ce, amma ai baƙo ba a yi masa gardamar hanya. Hayaniyar kasuwa ta ragu. Ƙahon motoci ya ɗauke. Ya kasa kunne ko zai ji kiran sallar magariba, bai ji ba.

Warin kifi da ƙamshin ful, dafaffen waken Larabawa, suka ɓace. Wani wari ya maye gurbinsu, na jiƙaƙƙen itace da ruɓaɓɓen ganye. Ƙasa ta soma gangarawa, ga Jidda kuwa shimfiɗe take kamar faranti. Ya ɗaga kai. Tsauni a dama, tsauni a hagu, baƙi ƙirin da dogayen itatuwa.

Ya gane wurin. Kwarin Haldenrod ne.

"Hawaja, mun yi nisa fa," ya ce ƙasa-ƙasa. Yana jira ne a ce masa ya koma.

Tsohon bai juyo ba.

Ruwa ya taɓa idon sawunsa, mai sanyin da bai taɓa jin irinsa ba. Ya kai gwiwa. Can gaba ƙararrawa ta buga sau ɗaya, a daƙile, kamar an kifa tukunya a kanta.

Ga gadar dutse. A tsallakenta gidaje ne masu tsinin rufi, gansakuka ta lulluɓe su. A kowace ƙofa akwai mutum tsaye, shiru. Gashin kansu yana tashi sama yana lilo a hankali, babu kuwa iska.

Ruwa ya kai ƙugu. Ya san in ya haye gadar nan, Mastura ba za ta ga ko gawarsa ba. Duk da haka ya ci gaba da bin tsohon, don tunda aka haife shi bai taɓa juya wa baƙo baya ba.

"Saura gida uku," in ji tsohon.

Wata tsohuwa ta buɗe ƙofa ta uku.

Na'ibi ya yi a'uziyya a zuci. Ya saki akwatin.

"Hawaja, a nan zan tsaya. Ka gaida gida."

Tsohon ya juyo. Ruwa yana fita daga bakinsa. Ya kama wuyan hannun Na'ibi, ya yi magana da Hausa tsantsa, shi da ko sannu bai iya ba.

"Ban ce ka koma ba."

Na'ibi ya fizge. Ya faɗi. Ruwa ya rufe kansa.

Wani masunci mai suna Abdulghaffar ne ya jawo shi daga teku a kudancin Karantina, galan ɗin yana nan riƙe a hannunsa. Ya yi ta aman ruwa. Masuncin ya rantse ruwan da ke zuba daga rigarsa babu gishiri a cikinsa. Washegari Na'ibi ya lallaɓa asibiti, aka ce masa ai Bajamushen ya cika tun la'asar ɗin jiya.

Daga ranar Na'ibi bai ƙara taka wa kowa ba. Ko surukinsa ne ya zo, a bakin ƙofa yake tsayawa, hannu ɗaya riƙe da ƙyaure. Mutane suka ce ya yi girman kai, wasu suka daina zuwa gidan, abin yana yi masa ciwo ƙwarai amma bai sauya ba. Mastura kaɗai ta san cewa wasu ranaku, in rana ta faɗi, dokin ƙofarsu yakan jiƙe da ruwa mai sanyi.

Ran nan ta gaji ta ce, "Malam, wai me Hawajan nan yake nema har yanzu?"

Na'ibi ya saka sakata.

"Rakiyar ba ta ƙare ba, Mastura. Bai sallame ni ba."