Kwanon Dambu a Ƙofar Maƙwabci

Ina da wani ɗan aibi, gara in faɗa da bakina: ba na iya wuce allon tarihi na bakin titi ban taka birki ba.

"Malam Soumaïla, zance ka zo ko darasi?" in ji Ramlatou, tana zaune a motata ta harɗe hannuwa.

Lahadi ta biyar ke nan ina fita da ita. Bazawara ce 'yar Maraɗi, tana kitso a East Greensboro. Ni kuwa shekarata hamsin da biyu, ga sanƙo, ga gida mai ɗaki huɗu a Pleasant Garden, inda ba mai tanka mini sai firij.

"Ramla, nan fa aka gwabza da Turawan Ingila a 1781. Janar ɗin da ya ja dagar, sunansa garin nan ya ci..."

"To, ya huta. Ni fa?"

Na buɗe baki in ce ina son ta. Sai na ji kaina ina cewa gundumar Guilford da muke ciki ta girmi Amurka da shekara biyar.

Son gundumar nan nake, tsakani da Allah. Jar ƙasarta, tsofaffin itatuwanta, kujerun shagon abincin da ɗalibai huɗu baƙar fata suka ƙi tashi daga kansu a 1960. A garinmu Damagaram, wanda ya san tarihin gari shi ne ɗan gari. Shekara goma sha ɗaya ina haddar alluna don in zama ɗan wani wuri.

Goggo Jimmai, ƙanwar mahaifin Ramlatou, ba ta so ni ba. Alhaji Habibou take so, mai ɗaki biyu kusa da masallaci. Shi ya tsegunta mata cewa a dajin da nake, in mace ta yanke jiki ta faɗi, barewa ce kawai za ta gani.

Ita da Ramlatou suka zo ganin gidana ran Asabar, Goggo riƙe da kwanon dambu.

"Na maƙwabta ne," ta ce. "Mace ba ta shiga unguwa hannu rabbana. Wa ke wancan farin gidan?"

"Goggo, ginin ya haura shekara ɗari da hamsin..."

"Sunan mai gidan na tambaye ka, ɗan nan."

Kullum da safe ina ɗaga wa gidan hannu daga mota, iyakar zumuncinmu ke nan.

Muka taka, tafiyar minti biyar a kan ciyawa. Goggo ta rangaɗa sallama sau uku. Ramlatou ta ƙwanƙwasa, ta leƙa taga, sannan ta ajiye kwanon a bakin ƙofa.

Da muka juyo, Ramlatou ta rage murya.

"Kwano ba ya dawowa haka nan, ka sani. Ka je ka gaishe su. Abin da ka tarar, ka zo ka faɗa mini. Ni mutane nake nema, Soumaïla, ba alluna ba."

Ranar ce ta fara kiran sunana ba Malam. Har na isa gida ina jin kaina saurayi.

Kwana uku ina hangen kwanon daga titi. Na haɗa gaisuwa da Turanci, na warware, na sake haɗawa. A na huɗu na lallaɓa kamar ɓarawon kaza, na ɗauke shi ban taɓa ƙofa ba. Dambun ya yi tsami. Na wanke kwano tas, na sayi kek ɗin tuffa a kanti, na yanka na jera a ciki.

Na same ta a shago tana tsefe wa wata mata kai.

"Ramla, ga shi. Sun ce a gode miki ƙwarai."

Ta ajiye matsefi, ta fito da ni waje.

"Su wa suka ce?"

"Tsohuwar... da mijinta."

Ta daɗe tana kallona. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

"Ba ko kujera a gidan nan. Na gani ta taga," ta ce. "Da ka zo ka ce, Ramla, ba kowa, ni kaɗai ne a can, ki zo... wallahi da ko Goggo ba ta isa ta hana ni ba."

"To yanzu na ce."

"Yanzu kek ka kawo."

An ɗaura aurenta da Alhaji Habibou bayan ƙaramar Sallah. Na je, na yi musu addu'a, har na ci dambu. Ginin da suke ciki ba shi da tarihin komai, amma an ce takalman baƙi ba sa yankewa a ƙofarta.

Daga baya na shiga laburare na binciko farin gidan. Na san wanda ya gina shi, na san sunayen 'ya'yansa bakwai.

Matar da ta zauna a ciki ta ƙarshe ta rasu shekara huɗu kafin in sayi nawa.