Bukin Saude Tsakanin Uwa Biyu

Gogo Zali na bakin murhu tana tuƙin tuwo, tana kuma tsara wa matan gida yadda bukin Saude zai gudana.

"Hajo ta riƙe girki, Dela ta tarbi baƙi. Maza ƙohwar gida, mata ciki. Dangin ango su za a hwara ba abinci. Ban son in ji ko tari ranar nan!"

Saude ta sunkuyar da kai. "To Inna hwa, Gogo? Mi za ta riƙe?"

"Tabawa? Ta zo ta ci ta tahi, kamar kowa!"

Saude tana ƴar yaye aka saki mahaifiyarta Tabawa, Gogo Zali kuwa, yayar babanta, ita ta kwance ta daga bayan uwar. Tabawa ta koma Urno ta sake aure, ta rantse ba ta ƙara taka gidan nan na Garhanga. Da uban ya rasu shekarar yunwa, Gogo ce ta hana cikinta ta ciyar da yarinyar.

Ba a yi mako ba saƙon Tabawa ya iso: ita ce uwar buki, ta tanadi rago da hatsi, a Urno za a yi taro, in ba haka ba ba ta yafe nononta ba. Gogo ta ce duk ranar da Saude ta nufi Urno, ta manta da ita. Aka ɗaga rana. Aka sake ɗagawa.

Mutari, angon, mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, a Madawa. Ya iso da hantsi bisa mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗinsa, duk ya rame.

"To, Saude, na samu kamyo, babbar motar ɗaukar amarya, na aro bencinan lakwal, har makaɗa sun amsa. Amma direba na tambaya ta ina za shi yi. Mi zan ce mai?"

"Ban sani ba, Mutari! In na dubi Inna, Gogo ta yi kuka. In na dubi Gogo, Inna ta yi min baki."

"Baba ya ce in anka ƙara ɗagawa, shi ya janye. Wai an maishe mu abin dariya a kasuwa."

"To ka bi maganar Baba," ta ce, hawaye na zuba.

"Ni dai ke nika so. Zan ta roƙon shi."

Ana gobe ɗaurin aure sai ga Tabawa da matan Urno, jakuna ɗauke da tukwane. Ta ja ta tsaya waje.

"Zali! Hiddo min ɗiyata!"

"Ɗiyarki? Ina kike sanda ƙyanda ta kusa kashe ta?"

"Wa ya raba ni da ita, in ba ke ba?"

Masu daka suka aje taɓare. Hajo ta janye itace daga murhu, don ba wanda ya san umurnin wa zai bi. Saude, wadda ta kwana biyu ba ta ci ba, ta fito da lalle a ƙafa ta durƙusa bakin zaure cikin rana.

"Inna, Gogo, ban iya zaɓe. Wallahi ban iyawa! Ku aika ma Mutari shi yi haƙuri, na hwasa..."

Ba ta ƙarasa ba ta faɗi sumammiya. Su biyun suka yi kanta a guje, suka kinkime ta zuwa ɗaki, Tabawa riƙe da kai, Gogo na yayyafa ruwa tana salati. Sai da yarinyar ta buɗe ido Tabawa ta lura tana tsakiyar ɗakin Zali. Ta dubi tsohuwar, ta fashe da kuka.

"Kin raine ta da kyau, Zali."

Gogo ta goge ido da bakin zane. "Tukwanen nan naki manya ne? Nawa ba su isar mutanen Madawa."

Washegari Tabawa ta riƙe girki, Gogo ta riƙe tarbar baƙi. Kowa ya samu wurin zama, abinci ya fito da zafinsa, har mahaifin ango ya aiko a gode wa uwar buki. Aka ce masa ai biyu ne. Da yamma su biyun suka kama hannun Saude suka hau da ita kamyo, Mutari na gefe ya kasa rufe baki don murna.

Saude ba ta ɗaga wa kowacce murya ba, Mutari bai gaji da jira ba, Allah kuwa bai bar su haka ba. Iyaye su ji tsoron Allah: in manya suka ja a kan yaro, yaron ne ke shan ciwon.