Allon Ƙofar Shagona

"To me na yi kuma, Telata? Tun shigowarki ko kallona ba ki yi ba!"

Ta ajiye wa mijinta kwanon abinci a kan bencin aiki, idonta na kan allon katakon da yake sassaƙa mata. Allon da za a kafa ne a ƙofar sabon shagon ɗinkinta. Sunanta ne a farko, na mijin nata a ƙarshe, a tsakiya kuwa harafi ɗaya tal da ɗigo.

"Ba komai, Kafinta..."

"Ba komai ɗin nan naki ya fi guduma nauyi. Faɗa mini."

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. "Wannan na tsakiyar... Baba ne?"

"Shi ne mana. Haka yayyena suka yi da suka yi aure. An taƙaita ne kawai, don allon ya shiga saman ƙofa."

"Mutumin da ya rene ni shi kaɗai, ya ɗora ƙafata a kan keken ɗinki, shi ne ya koma harafi ɗaya?" Ta nuna harafin da yatsa. "Idonsa ya tafi, da hannu zai shafa allon nan. In ya shafa bai ji kansa ba fa?"

Kafinta ya tsura wa allon ido. Ita kuwa kunya ta rufe ta, ta suri mayafinta ta fice, tana jin ta yi wa ango rashin ta-ido tun ba a je ko'ina ba.

Ranar buɗe shago ta riƙo hannun Baba suka taho. Tun daga nesa ta hango maƙwabta suna dariya. Allon da ke jingine a bango ya fi ƙofar faɗi nesa ba kusa ba!

"Kafinta, awo ne ya ɓace maka?" in ji mai shagon kusa.

"Awona daidai yake, ƙofar ce ta yi kaɗan." Ya durƙusa. "Baba, ku sa mana albarka kafin a ɗaga."

Tsohon ya ɗora yatsunsa a kan katakon. Ya bi sunan 'yarsa yana murmushi. Sai yatsun suka tsaya cak, suka koma baya, suka sake bi a hankali. Sunansa ne, cikakke, an sassaƙa shi da zurfi.

"Mamana..." ya ce da ita. "Ni da ko a kan shagona ban taɓa samun allo ba."

Hawaye suka zubo mata. Ta leƙa ƙarshen allon, ta juyo da sauri. "To naka fa? Ina ka kai shi?"

"Yana baya, inda kafinta ke sa hannu." Ya rage murya. "Ni ba a katako nake son jin sunana ba, zuciyata. A bakinki nake jira, tunda har yau Kafinta kike ce mini kamar mai kawo gyaran kujera."

"Kai! A gaban Baba?" Ta rufe fuska da mayafi tana dariya.

"Makanta na yi, ban kurmance ba," in ji Baba, hannunsa har yanzu a kan sunansa. "Ɗana, ɗauko tsani. In ƙofar ta ƙi, a fasa bangon!"