Baƙin Labulen Aji Huɗu

Yana durƙushe yana auna wani yadi mai furanni ta shigo shagon, da jakar littattafai a kafaɗa, da ƙurar alli a gefen hannunta.

"Sannu da aiki. Baƙin labule nake so, wanda haske ba ya ratsa shi ko kaɗan."

Mai Labule ya ɗago kai. Tun da ya buɗe shagon nan, amare mai sheƙi suke nema, matan gida kuma mai sauƙin wanki. Bai taɓa ganin budurwa ta zo sayen duhu ba.

"Ranki ya daɗe, wa ya ɓata miki rai haka?"

Ta yi dariya har ta rufe baki da bayan hannu. "Darasin wata zan koyar. Ajina kuwa rana tana shigowa kamar ita ma ta biya kuɗin makaranta."

Da kansa ya je ya rataya labulen. Da ya gama, sai ya yi ta jinkirin naɗe tsani har aka fara darasi. Ta ja labule, aji ya yi duhu, yara suka sa ihu. Ta kunna ƙwan fitila guda a kan tebur ta ce wannan ce rana. Ta soke farar ƙwallon roba a tsinin fensir ta ce ga wata. Sannan ta kira wani yaro ta ce kansa ne duniya, ya riƙe ƙwallon sama kaɗan ya riƙa juyawa a hankali.

"Me ka gani?"

"Siriri, Anti! Yanzu rabi! Kai, ya cika!"

"To kun gani. Kullum rabin wata yana shan hasken rana. Abin da ke canzawa shi ne yawan abin da muke hangowa daga wannan rabin."

Daga ranar yara suka sa mata Anti Wata. Shi kuwa tsaninsa ya san hanyar makarantar. Wata rana ya tura mata saƙo:

"Malama, labulen bai faɗo ba dai? Ina iya zuwa in duba."

Amsa ta zo nan take:

"Jiya ka duba. Shekaranjiya ma ka duba. Labule lafiyarsa ƙalau. Mai shi ne nake zargin ba lafiya."

Kafin zangon karatu ya yi nisa, yana kiranta Haskena, ita kuma tana ce masa Mai Duhuna. Kawunta, wanda ya riƙe ta tun rasuwar iyayenta, ya san da zuwansa. Abu ɗaya ya rage, shi ne mahaifin Mai Labule.

Mahaifin nasa tsohon hedimastan makarantar ne. Ya daɗe da ajiye aiki, ƙafa ta yi nauyi, abokai sun ragu, amma har yanzu magidanta masu furfura suna sauka daga mota su durƙusa masa, don a hannunsa suka koyi rubuta sunansu. Wannan durƙuson shi ne abin da ya rage masa. Da aka gayyace shi ranar iyaye a matsayin babban baƙo, Mai Labule ya ji daɗi. Ya ce a ransa bari Baba ya fara ganinta a bakin aiki, ya yaba da kansa, sannan a yi masa maganar aure.

Ranar aji ya cika, iyaye a tsaye a jikin bango. Ta ja labule ta kunna fitila ke nan, sai tsohon ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Malama, bari in taya ki. Yara, abin ba wuya. Inuwar duniyarmu ce take faɗawa a kan wata, tana cin sa kaɗan-kaɗan har ya ɓace, sannan ta sake shi. Haka na koya wa iyayenku."

Iyaye suka gyaɗa kai. Sai wata 'yar siririya a bencin gaba ta ɗaga hannu.

"Anti, ke kin ce ba inuwa ba ce. Wanne za mu rubuta a jarrabawa?"

Malama ta hango Mai Labule a bakin ƙofa. Ya girgiza mata kai, a hankali, yana roƙonta da ido. Ta kawar da kai, ta russuna.

"Baba, a yi mini afuwa. Inuwar duniya ba ta faɗa wa wata sai lokacin husufi. Wannan na kowane wata, daga inda muke kallonsa ne."

Wani daga baya ya tuntsure da dariya, ya yi saurin mayar da ita tari. Tsohon ya ɗauki sandarsa ya fita, iyaye suna darewa suna ba shi hanya.

A gida Mai Labule bai iya ɓoyewa ba, ya faɗi ko wace ce ita a wurinsa.

"Wannan? Wadda ta tsige ni a gaban 'ya'yan ɗalibaina?" in ji tsohon. "To ka ji. Ba mai taka ƙofar gidansu da sunana sai ta tsaya a gaban yaran nan ta ce ita ce ta yi kuskure."

Mama, mahaifiyar Mai Labule, ta buɗe baki, tsohon ya ɗaga mata hannu ya tsayar da ita.

Washegari Mai Labule ya tare Malama a bakin makaranta bayan an tashi.

"Haskena, magana ɗaya ce. Ki ce kin duba kin ga Baba ne daidai. Yara ne fa, baɗi sai ki gyara musu."

"Baɗi ba a ajina suke ba."

"To wani ya gyara! Tsoho ne, ba abin da ya rage masa sai girman nan. Waye zai mutu don ya ɗauka inuwa ce?"

"Ba wanda zai mutu." Idonta ya cika. "Amma yarinyar nan ni ta kalla ta tambaya. In na yi mata ƙarya don in same ka, duk ranar da na dube ka sai na tuna da abin da na saye ka da shi."

"Ashe ƙwallon roba ta fi ni daraja."

Ta dube shi kamar ya mare ta, ta gyara jakarta ta wuce.

Kwanakin da suka biyo baya ya yi su ne yana ɗinki yana warwarewa. Tambayar ta ƙi barinsa. Wa ya yi laifi? Tsohon da ya koyar da abin da aka koya masa da zuciya ɗaya? Ko yarinyar da ta faɗi gaskiya a wurin da gaskiyar za ta yi rauni? In ya ɗora wa wannan sai ya ji tausayinsa, in ya ɗora wa waccan sai ya ji kunya. Kansa ne kawai bai sa a sikelin ba.

Ana nan ya fara ganin motar wani mai kantin magani da ke neman aurenta a ƙofar gidan Kawu. Sannan wata safiya ya bi ta makarantar, ya ga tagogin aji huɗu wayam, an cire labulen. Ya tsaya a gefen titi ya rubuta:

"Na ga kin cire labulena. Na gane. Allah ya sanya alheri."

Sai bayan an tashi amsa ta zo:

"Mun shiga darasin tsirrai ne, wake ba ya girma da kyau a duhu. Kai dai ba ka tambaya, sai yanke hukunci. Gobe da yamma zan zo in ba Baba haƙuri. Ba zan ce na yi kuskure ba, na gaya maka tun yanzu. Kawu ya ce in abin nan bai yiwu ba, in ba mai kantin magani amsa. Ni kuma kai nake so, Mai Duhuna."

Ta zo rana ta yi sanyi amma ba ta faɗi ba. Tsohon yana kan kujerarsa a tsakar gida, Mama a bakin ƙofar kicin, Mai Labule a rakuɓe a jikin bango. Ta cire takalmi ta durƙusa.

"Baba, na yi laifi. Kamata ya yi in ce wa yarinyar za mu yi maganar gobe, in same ka a keɓe. Na tsorata ne, bakina ya riga hankalina. Ka yafe mini."

"Na ji. Za ki faɗa musu kin yi kuskure?"

"A'a, Baba."

"To me ya kawo ki?"

Ya laluba sandarsa zai tashi. Mai Labule bai san lokacin da ya zube a gabansa ba.

"Baba, akwai abin da ba ka sani ba. Ni na je na roƙe ta ta faɗi abin da kake son ji, ko da ba ta yarda da shi ba. Ta ƙi. Da ta karɓa, da yanzu kana sa mata albarka a kan abin da ni na shirya."

Tsohon ya zuba masa ido. "Wato kai ma ka ce ni ne ban sani ba."

"Ban san wa ke daidai ba, Baba. Ko tambaya ban yi ba. Ban damu ba."

"Ba ka damu ba." Ya maimaita a hankali. "A gidan malami aka haife ka, ba ka damu ba."

Sai Malama ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, in ka yarda, ka ɗaga kai kawai."

Ya daɗe kafin ya ɗaga. Can sama, kusan saitin kai, ga rabin wata fari fat a cikin shuɗin sama. Ga rana kuma a yamma ba ta taɓa rufin maƙwabta ba. Tsohon ya dubi wata, ya dubi rana, sannan ya sunkuya ya dubi inuwarsa da ta miƙe a ƙasa ta nufi gabas, ba ta ko kama hanyar watan ba. Leɓensa yana motsi kamar mai lissafi.

"Da gangan kika zaɓi yau."

"E, Baba."

"Ku tashi ku ba ni wuri."

Ta fita tana share ido. Mai Labule ya raka ta bakin titi. Abincin da Mama ta kai wa tsohon haka ya dawo a rufe.

Da safe yana shirin fita shago ya ga mahaifinsa a bakin ƙofa cikin kayan fita.

"Ɗauko tsaninka. Za ka mayar da labulen nan."

Da suka isa aji huɗu, yara suka miƙe da ganin tsohon, Malama kuma allin hannunta ya faɗi. Da aji ya yi duhu, tsohon ya miƙa mata sandarsa ya karɓi fensir mai ƙwallo. Ya juya a gaban fitila a hankali, yana dafa tebur, har ya zagayo.

"Ina mai tambayar nan? Yauwa. Abin da na faɗa muku ran nan, ku goge shi. Na Antinku za ku rubuta."

Ya zauna a bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa kai ƙirjinsa. Ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda Malama kawai za ta ji.

"Waɗannan na gyara. Waɗanda na koya wa tun kafin a haife ki fa? Ina zan same su?"

Ta durƙusa kusa da shi. "Baba, ai 'ya'yansu ne waɗannan. In ka ba su aikin gida, kafin dare saƙonka ya kai."

Ya dube ta, sannan ya ɗaga murya irin ta hedimasta, har yaran suka gyara zama.

"Aikin gida! Kowa ya je ya nuna wa babansa da mamarsa. In suka yi gardama, ku ce ni na aiko ku."

Ya juya wurin ɗansa da ke riƙe da tsani. "Kai kuma tsayuwar me kake yi? Je ka gaya wa Kawunta ina nan tafe. Kuma ka sani, ba don kai zan je ba."

Ba a daɗe ba aka ɗaura aure. Tsofaffin ɗaliban Baba suka cika wurin, wasu har da yi masa ƙorafin yadda 'ya'yansu suka kashe musu fitilun gida suka sa su juyi a tsakar ɗaki. Da ango da amarya suka durƙusa a gabansa, ya ɗora hannu a kanta.

"'Yata, ga shi nan, sai kin yi haƙuri da shi. Ran da ya roƙe ki abin da bai dace ba, ki ƙi, ki zo ki gaya mini. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu tambaya, ya ba ku ƙarfin amsa musu."

Mama ta ce amin tana kuka. Ango ya ce amin, kansa a ƙasa. Amarya ta saci kallonsa ta gefen mayafi, ta ga shi ma ita yake kallo.