Agogon Ɗakin Inna

Rana ba ta gama faɗuwa ba, Umma tana kwashe shanya a tsakar gida, sai ta ji kiran sallar isha'i ya tashi daga ɗakin mahaifiyarta. Ta tsaya cak da zani a hannu. Ba ladanin unguwa ba ne. Tsohuwar kwamfutar nan ce da aka ajiye wa Inna a kan teburi tun da idanunta suka rufe, don ta riƙa kira mata salla a kan lokaci. Kafin kiran ya ƙare, dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Wani ya biyo shi, ya gangara a hankali har ya tsaya. Ta leƙa waje. Layin shiru, ko yaro babu.

Mijinta mai gyaran kwamfuta ne, duk unguwa Injiniya ake ce masa. Yana dawowa ta tare shi tun bai cire takalmi ba.

"Baban Auta, agogon nan ya sake rikicewa."

"Na sani. In an ɗauke wuta aka maido, kwamfutar tana riga akwatin intanet farkawa. Ta tambayi babban agogon intanet ƙarfe nawa, hanya ba ta buɗe ba tukuna, ta ji shiru, ba ta kuma sake tambaya. Ga batirin cikinta ya mutu. Sai ta kama lokacin da ta ga dama."

"To ka gyara mana."

"Ba wani aiki ba ne. Gobe."

Goben ba ta zo ba, amma jifan ya ci gaba. Da zarar duhu ya fara sauka, kaji sun shige, sai duwatsu su fara faɗowa ɗai-ɗai kamar ana jiran amsa. Daga baya aka soma jin gyaran murya a bakin ƙofar Inna, irin na tsohuwar da ta gaji da tsayuwa. Ɗakin yana can ƙuryar gida. Umma ɗinki take yi, keken ba ya hutawa, don haka 'yarta Auta ce ke kai abinci ta kwaso kwanuka. Da maƙwabta suka fara tambaya, Umma ta ji mijinta a ƙofar gida yana cewa ai har agogon kwamfuta mutanen ɓoye ke juyawa. Ta san ba haka ba ne. Ta ci gaba da taka keke.

Wata yamma Auta ta fito daga ɗakin kakarta da kwano, ta zube a ƙasa. Da ta buɗe ido ba ta san uwarta ba. Ta zauna ta tanƙwashe ƙafa irin zaman tsofaffi, ta ƙi ci, ta ƙi magana, sai kallon sama take tana girgiza kai.

Washegari bayan la'asar malam mai ruƙiyya ya zo. Aka shimfiɗa tabarma a falo, matan maƙwabta suka cika bakin ƙofa da sunan jaje. Malam ya daɗe yana karatu, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka, har yatsun yarinyar suka fara rawa. Sai bakinta ya buɗe, muryar da ta fito kuwa busasshiya ce, ta tsufa ƙwarai.

"Sassauta, Malam. Musulma ce ni."

"Musulma, kike jifan gidan mutane, kike zaune a jikin 'yar mutane?"

"Na yi jifa, suka ce yara ne. Na yi gyaran murya, suka rufe taga. Ta ina zan bi?"

"Me aka yi miki?"

"Tun tsohuwar nan tana gani nake salla a bayanta. Yanzu ƙarfe ke mana ladanci. Tana magariba rana na sama. Rannan tana azumin nafila, abin nan ya kira, ta lalubi ruwa ta sha tana godiya ga Allah. Ina tsaye ina kallo."

Daga bayan malam Injiniya ya ce, "Ai ke kike juya agogon."

Dariyar da ta fito daga bakin Auta gajeriya ce.

"Ji tsoron Allah, Injiniya. Ni ko ta inda ake kunna ta ban sani ba. Kai ka ce gobe."

Wata a bakin ƙofa ta yi tari. Injiniya ya sunkuyar da kai.

"Fita za ki yi," in ji malam.

"A fasa ƙarfen, in fita."

"Ba abin da za a fasa miki, ba kuma abin da za a yanka."

Sai idanun yarinyar suka juyo a hankali, suka sauka kan Umma.

"To mutum ya riƙa shiga yana gaya mata. Mai numfashi. Ai tana da 'ya. Wa ya ce a sa abin tun farko, don kada a riƙa tashi daga kan keke?"

Umma ta ji kamar an yaye mata mayafi a tsakiyar kasuwa. Ita ce ta ce a sa. Ban da yarinyar, ba wanda ya kalle ta, wannan ya fi kallon zafi.

Malam ya ce, idonsa a kan tabarma, "Wannan ba sharaɗinki ba ne. Hakkin tsohuwa ne tun kafin ki faɗa."

"Na ɗauki nauyin," in ji Umma.

Malam ya sa aljanar ta yi alkawari da sunan Allah ba za ta dawo jikin yarinyar ba. Ta yi sallama. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ta ce, "Umma, ƙishirwa nake ji."

Matan suka watse sumui-sumui. Injiniya ya ɗauko kwamfutar zuwa falo, ya canza batir, ya saita ta ta jira hanya ta buɗe kafin ta tambayi lokaci, in ta ji shiru ta sake tambaya. Ruwan shayin da aka ɗora wa malam bai tafasa ba ya gama.

Umma ta daɗe a ƙofar ɗakin Inna kafin ta yi sallama.

"Auta ce?"

"Ni ce, Inna."

"Ke? Lafiya dai?"

Ta durƙusa a gefen gado ta faɗa mata komai, kanta a ƙasa. Ta ce Malam ya ce babu laifi a kan Inna, amma sallar da aka yi kafin lokaci sai an sake ta. Carbin tsohuwar ya tsaya a tsakanin yatsu.

"Tun yaushe?"

Umma ta buɗe baki, ta tarar ba ta sani ba.

Inna ta miƙa hannu tana lalube har ta sami kan 'yarta, ta bar shi a nan ɗan lokaci.

"Tashi ki ɗebo min ruwan alwala," ta ce. "Da yawa ne. Gara mu fara da wuri."